Yadda Za Ka Gyara Muryar Waƙa a Situdiyon Gida: Darasi Daga Wani Ɗaki a Manfuha

 Tun da muka saki bidiyon gwajin makirufo masu sauƙin kuɗi, tambaya ɗaya ce ta fi yawa a saƙonninku: "Na sayi makirufo mai kyau, amma in na ɗauki waƙa sai in ji kamar a cikin randa na rera ta. Wane fulogin zan saka?" Amsar a taƙaice ita ce, yawancin gyaran murya ana yin sa ne tun kafin sautin ya shiga kwamfuta. Fulogin yana ƙara wa mai kyau kyau, amma ba ya mayar da ɗauka marar kyau ta zama mai kyau.

Bari in ba ku misali da abin da ya faru a gabana. Akwai wani ƙanina ɗan Maraɗi da muke unguwa ɗaya a nan Manfuha, kudancin birnin Riyad. Yana aikin shago da rana, da dare yana rubuta waƙa. Ya yi watanni yana tara kuɗi, ya je Batha ya sayo makirufon kwandensa da sawunkad. Sai aka ba shi aikin waƙar biki daga gida, har ango ya tura kafin alƙalami. Sau uku yana tura muryar wa mai haɗa masa kiɗa a Kano, sau uku ana dawo masa da ita, ga biki saura mako biyu. Ya kira ni ransa a ɓace: "Yaya, don Allah zo ka ji abin nan, ko jabu aka sayar mini?"

Na je na saurara. Makirufo lafiyarsa ƙalau. Abin da muka gyara a daren nan da washegari, ba tare da ya ƙara kashe ko riyal ɗaya ba, shi ne darasinmu na yau.

1. Ɗakinka shi ne kayan aikinka na farko

Ɗakinsa irin wanda yawancinmu muke haya ne a nan: bangon siminti, ƙasa tayil, faɗi kamar mita 3, tsawo mita 4, babu labule babu kafet. Sauti idan ya fito daga baki ba makirufo kaɗai yake nufa ba. Yana dukan bango ya dawo, ya daki tayil ya dawo, duk su shiga makirufo a bayan ainihin muryar da ɗan ƙanƙanin lokaci. Wannan haɗuwar ce take ba ka sautin randa.

Ga gwajin da ba ya cin kuɗi. Tsaya a tsakiyar ɗaki ka tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi. In ka ji wani "zirrr" ya biyo bayan tafin, sauti ne yake kai-kawo tsakanin bango biyu masu fuskantar juna, kuma duk abin da ka rera haka zai same shi.

Akwai kuma matsala ta biyu da lissafi yake nunawa. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa ɗaya. Idan ka raba 343 da ninki biyu na tazarar bango, za ka sami mitar sautin da ɗakin yake kumburawa. Bangon mita 3 yana ba da kusan 57 Hz, na mita 4 yana ba da kusan 43 Hz, sannan ninkinsu ma suna kumbura. Ninka 57 sau uku, ka sami 171. Ninka 43 sau huɗu, ka sami 172. Ka ga sun haɗu a wuri ɗaya, kuma wurin yana cikin zangon muryar namiji. Shi ya sa wasu kalmomin nasa suke fitowa da wani irin gurnani, wasu kuma su fito siriri, alhali da ƙarfi ɗaya ya rera su.

Abin da muka yi:

- Muka janye makirufo daga jikin bango da kusurwa, kuma ba mu ajiye shi a ainihin tsakiyar ɗaki ba. Muka sa shi kamar kashi ɗaya bisa uku na tsawon ɗakin.
- Muka jingina katifarsa a tsaye a bayansa, wato bayan mawaƙin, ba bayan makirufo ba. Dalili kuwa, fuskar makirufo mawaƙi take kallo, don haka duk abin da ya dawo daga bangon da ke bayansa kai-tsaye yake shiga.
- Muka rataya barguna biyu masu kauri a dama da hagu, muka bar ɗan fili tsakaninsu da bango.
- Muka shimfiɗa darduma a ƙasa, muka tara matasan kai a kusurwoyi.

Kiret ɗin ƙwai da ake mannawa a bango, ku manta da shi, ba ya tsotse wani abin kirki. Siririn soso kuma manyan mitoci kawai yake sha, ya bar maka gurnanin ƙasa, sai ɗaki ya ƙara zama kamar akwati. Kauri ake nema. Sannan a bambance abu biyu: bargo da katifa suna rage amon cikin ɗaki ne, ba sa hana ƙarar titi shigowa, ba sa hana maƙwabci jin ka.

2. Kashe duk abin da yake ƙara

Wanda ya san zafin Riyad ya san ba a raba mutum da mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, domin da bazara zafi yana haura digiri 40. Kunnenka ya saba da ƙararsa har ba ka jin ta, amma makirufon kwandensa ba ya sabawa. Dabarar ita ce ka sanyaya ɗakin sosai tukuna, ka kashe, ka yi ɗauka ta minti goma zuwa sha biyar, ka kunna ka huta. Haka za ka yi da fanka da ƙaramin firji in yana cikin ɗakin. Amma ka tuna ka mayar da firjin, kar a wayi gari nama ya lalace a ce ni na sa ka.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Unguwarmu da dare take cika da motoci da hira a bakin shaguna, don haka ɗauka bayan isha'i wahala ce. Safiyar Juma'a ta fi kowane lokaci shiru. Ka kuma duba jadawalin salla kafin ka fara, don kar kiran salla ya riske ka a tsakiyar baiti.

Sai ƙugin wutar lantarki. Ga wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi ba: wutar Saudiyya tana gudu ne a kan 60 Hz, ta Najeriya da Nijar kuma 50 Hz. Idan kana nan ka ji wani "huuum" a ƙarƙashin murya, a 60, 120 da 180 za ka neme shi. Idan kana Kano ko Maraɗi, a 50, 100 da 150. Wanda ya kwafo saitin wani daga gida ya ɗora a nan, zai yanke inda ba ciwon yake ba. Kafin ma ka kai ga yankewa, cire cajar laftof ka ɗauka da batir, ka yi amfani da wayar XLR mai kyau, ka raba ta da wayoyin wuta. Sau da yawa nan take ƙugin yake ɓacewa.

3. Makirufo da tazara

Makirufon kwandensa, irin su Audio-Technica AT2020, yana ɗaukar murya dalla-dalla, amma haka yake ɗaukar ɗaki dalla-dalla. Na dayinamik, irin su Shure SM58 da aka fara fitarwa tun 1966, ana rera waƙa a dab da shi, don haka murya takan rinjayi amon ɗaki. In ba ka riga ka saya ba kuma ɗakinka fanko ne, dayinamik zai fi yi maka sauƙi. In ka riga ka sayi kwandensa, kar ka sayar, gyara ɗakin kawai.

Kuskuren ƙanina na farko, ta bayan makirufo yake rera waƙa. Kar ku yi dariya, yana faruwa sosai. Yawancin kwandensa ta gefe ɗaya suke ji, galibi gefen da tambarin kamfani yake. Kuskure na biyu, yana tsayawa nesa da shi fiye da rabin mita. A ƙa'ida, duk lokacin da ka ninka tazara, ƙarfin muryar da take isa makirufo kai-tsaye yana raguwa da kusan 6 dB, amon ɗaki kuwa yana nan yadda yake. Ma'ana, kana ja da baya ɗaki yana cinye ka. In kuma ka matso ka manna baki, ƙasan murya zai kumbura ta yi nauyi fiye da kima. Tsaka-tsakin shi ne santimita 15 zuwa 20, kusan taƙi ɗaya na hannunka.

A nan harshenmu yana da nasa hali. Harafin "f" na Hausa da leɓɓa biyu ake furta shi, iska yake turowa. Ƙanina kuma da yake Hausar Maraɗi ce a bakinsa, "hwaɗi" da "hwari" yake cewa, iskar ta fi yawa. Kowace irin wannan kalma sai ta daki makirufo ka ji "bum". Maganinta matatar iska, wannan zagayayyen ƙyallen da ake sawa a gaban makirufo. In babu, safa siririya a jikin waya da ka lanƙwasa tana aikin. Sannan ka ɗan karkatar da makirufo gefe kaɗan, yadda iskar za ta wuce ta gefensa. Wannan karkatarwar tana kuma rage kaifin "ƙ" da "ts", waɗanda suke fitowa da wani ɗan fashewa mai tsini.

Abu na ƙarshe a nan, iskar Riyad busasshiya ce, mukayyif kuma yana ƙara busar da ita. Busasshen baki yana yin wani "ƙyas-ƙyas" tsakanin kalmomi. Ajiye ruwa marar sanyi kusa da kai, ka riƙa kurɓa, ka ɗan motsa murya na minti biyar kafin ɗaukar farko.

4. Saita gen kafin ka danna ja

A manhajarka, ko Audacity ce, ko BandLab, ko FL Studio, ko Reaper, zaɓi 24-bit da 48 kHz. Sai ka rera wurin da ya fi ƙarfi a waƙar, kana murɗa maɓallin gen na sawunkad, har allurar ta riƙa tsayawa tsakanin -12 da -10 dB a wurin da ka fi ɗaga murya. Kar ka bari ta taɓa 0. Muryar da ta yi ƙasa ana iya ɗaga ta daga baya, wadda ta fashe kuwa ta fashe ke nan.

Yi amfani da hedifon mai rufe kunne gaba ɗaya, ka rage ƙarar kiɗan, don kar ya zubo cikin makirufo. Idan kana jin muryarka tana makara a kunne, rage bafa zuwa 128, wanda a 48 kHz bai kai milisakan 3 ba, ko ka kunna maɓallin sauraro kai-tsaye da yake jikin yawancin sawunkad. Makarar nan tana sa mawaƙi ya sauka daga kan kiɗa ba tare da ya san dalili ba.

Kada ka dogara da ɗauka ɗaya. Rera kowane baiti sau uku ko huɗu, daga baya ka tsinci layin da ya fi kyau a kowanne ka haɗa. Haka ake yi a manyan situdiyo, ba abin kunya ba ne.

5. Yanzu ne aikin kwamfuta ya zo

Bi wannan jerin, kuma bayan kowane mataki ka kashe fulogin ɗin ka kunna, ka ji ko da gaske ya ƙara wani abu.

Tsaftacewa. Yanke shirun da ke tsakanin layuka, ka sassauta bakin kowace yanka don kar ta yi ƙara. Numfashi kuwa rage shi za ka yi, kar ka goge shi duka, in ba haka ba waƙar za ta zama kamar ba mutum ne ya rera ba. In akwai kalmar da ta yi tsalle ta fi sauran ƙarfi, sauke ta da hannu tun yanzu.

EQ. Fara da ragewa kafin ƙarawa. Yanke duk abin da ke ƙasa da 80 Hz ga namiji, ko kusan 100 zuwa 120 ga mace, domin babu murya a can sai girgizar motoci da ƙugi. Tsakanin 200 da 400 Hz ne laka take taruwa, rage 2 zuwa 3 dB a inda ka ji ta. In kalmomi ba sa fita, ƙara kaɗan tsakanin 3 da 5 kHz. Waɗannan lambobin mafari ne kawai, kunnenka ne alƙali. In ka ga sai ka yanke 8 ko 10 dB kafin murya ta saurari, koma ka sake ɗauka, ya fi maka sauri. TDR Nova kyauta ne kuma ya isa wannan aikin.

Kwamfuresa. Aikinta ta matso da wurin da ka ɗaga murya kusa da wurin da ka sassauta, don kar kiɗa ya binne wasu kalmomin. Fara da 3:1 ko 4:1, ka sauke mashigin har ka ga tana rage 3 zuwa 6 dB a wurare masu ƙarfi. Kar ka sa ta cafke sauti da saurin gaske, ba ta kamar milisakan 10, domin in ta yi saurin wuce kima za ta danne kan "ƙ" da "ɗ" da "ɓ", kalmomi su rasa ƙwarinsu. Ka kuma sani cewa kwamfuresa tana ɗago duk abin da ya yi ƙasa, har da ƙarar mukayyif da amon bango. Wannan ne dalilin da ya sa muka fara da ɗaki.

Di'esa. Ita ce mai rage kaifin "s", "sh" da "ts", galibi tsakanin 5 da 8 kHz. A waƙar Hausa a yi hattara da ita. Ka gwada da kalma irin "tsuntsu" ko "tsakani": in ka ji mawaƙin ya koma kamar mai tsamin baki, ka wuce gona da iri, sassauta.

Gyaran karin murya. Auto-Tune, wanda Andy Hildebrand ya ƙirƙira kamfanin Antares ya fitar a 1997, ya shahara ne bayan waƙar "Believe" ta Cher a 1998, kuma duk mai sauraron waƙoƙin finafinan Hausa ya san sautinsa. Ba laifi ba ne, salo ne. Amma abu biyu ne suke ɓata shi. Na farko, rashin saita makullin waƙar: in kiɗanka yana kan wani makulli ka bar fulogin a kan wani, zai riƙa jan muryarka zuwa inda ba nan ka nufa ba. Tambayi mai kiɗanka makullin, kar ka yi kame-kame. Na biyu, sauri. In ka sa shi a 0 za ka sami muryar mutum-mutumi, in kana son a ji kamar ba a taɓa ba, gwada 25 zuwa 50. Ka tuna Hausa harshe ne mai karin sauti. "Kai" na jiki daga sama yake gangarowa ƙasa, "kai" na wanda ake magana da shi kuma a sama yake tsayawa. Gyara mai tsananin sauri yana kakkarya irin wannan gangarowar ta zama matakala, har lanƙwasar da mawaƙi ya yi da gangan ta ɓace. In ba ka da kuɗin Auto-Tune, Graillon da MAutoPitch suna da na kyauta.

Ribab da dile. Ribab shi ne amon da ake ƙara wa murya don ta sami fili, dile kuma maimaitawa ce kamar amsa-kuwwa. Kar ka ɗora su a kan layin muryar kai-tsaye. Buɗe musu layi daban ka riƙa tura murya kaɗan-kaɗan. Ba ribab jinkirin milisakan 20 zuwa 40 kafin ya shigo don kalma ta fara fita, ka yanke ƙasansa daga 200 Hz. Lissafin dile kuma mai sauƙi ne: raba 60,000 da saurin kiɗan. Kiɗa mai bugu 100 a minti yana ba da milisakan 600, rabinsa 300. Ƙa'idata ita ce, ka ƙara har ka fara jin sa sosai, sai ka ɗan rage.

6. Saurara a wurare daban, ka tura yadda ya dace

Yawancin masu jin waƙarka a lasifikar waya za su ji ta, wasu a mota, wasu a manyan lasifikun wurin biki. Gwada ta a waya, a hedifon, a mota in ka samu. Ɗauko wata waƙa da kake son sautinta, ka daidaita ƙararsu, ka riƙa sauraronsu bi da bi. Kar ka matse waƙa don neman ƙara, domin YouTube da Spotify suna sauke duk abin da ya wuce kusan -14 LUFS.

In kuma wani ne zai yi maka miksin, kamar yadda ƙanina yake yi, tura masa muryar tsurarta a WAV, babu ribab babu Auto-Tune, kowane layi ya fara daga farkon kiɗan. Tura ta a matsayin fayil ta Google Drive ko ta sashen takardu na WhatsApp. Kada ka taɓa tura ta a saƙon murya, domin matse ta ake yi.

Yadda ta ƙare

Da safiyar Juma'a muka sake ɗaukar waƙar, da makirufon nan dai da ya ce jabu ne, katifa a bayansa, mukayyif a kashe, muna ta gumi. Mai kiɗan na Kano ya karɓa a turawar farko, waƙa ta isa gida kafin ranar kamu.

Kar wanda ya raina ɗakinsa. Kundin Billie Eilish na 2019, wanda ita da yayanta Finneas suka ɗauka a ɗakin kwana a gidansu da ke Los Angeles, shi ya ci kyautar Grammy ta kundin shekara a 2020, har da ta ingancin ɗaukar sauti. Mu kuma mazauna Manfuha muna da namu abin tunawa: garin Al-A'sha ne, shahararren mawaƙin Larabawa da ya rayu tun kafin Musulunci har ya riski farkonsa, wanda ake wa laƙabi da Sannajatul Arab saboda daɗin amon waƙarsa.

Aikin gida na wannan makon: ɗauki baiti ɗaya a ɗakinka yadda yake yanzu. Sannan ka jingina katifa a bayanka, ka rataya bargo, ka kashe mukayyif ko fanka, ka tsaya taƙi ɗaya daga makirufo, ka sake ɗaukar baitin. Kar ka saka fulogin ko ɗaya. Saurari biyun, ka faɗa mana bambancin da ka ji, tare da girman ɗakinka da irin makirufonka, za mu duba mu ba ka shawara. A bidiyo na gaba in sha Allahu za mu gwada kwandensa da dayinamik a ɗaki ɗaya, ku ji da kunnenku. Wanda bai yi rajista da tashar ba ya daure ya yi, ya kuma tura wa abokinsa mai fama da sautin randa.